Ranar da Aka Goye Ni a Dutsen Hada

Mun tashi daga Misfala, unguwarmu a Makka, da aka sallame asuba a Harami, gari bai gama wayewa ba, amma bangon ɗaki yana nan da zafin jiya kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ni ce, da ɗana, da matarsa da 'ya'yansu, sai ƙawata Basakkwata wadda muke zaman sayar da abinci tare a bakin hanyar masallaci, ita waina ni fura. Ina faɗa ne ana rubutawa, domin matan unguwa sun dame ni da tambaya, kowace ta shigo sai na koma mata daga farko.

Kafin in kai ku Ɗa'ifa sai kun san abin da ya sa ba na son zuwa. Da ƙafata na shigo ƙasar nan tun zamanin Turkawa, ni da maigidana, muna tafe muna yada zango muna noma, har muka ƙetare teku. Tun da Allah ya karɓe shi aka kai shi maƙabartar Mu'alla, ban sake wuce Arfa ba. Ku da kuke nan kun sani, inda mutum ya cika nan ake rufe shi, kafin rana ta faɗi an gama. Ni kuwa ban ratso Barno da Wadai da Darfur don a rufe ni a wani gari ba. Mu'alla nake so, kusa da wanda muka yi tafiyar tare, kuma na tsare wannan buri kamar yadda ake tsare wuta a damina.

To bana zafi ya zo da abin da ban saba gani ba. Masassara ta kama ni, ta sake ni, ta dawo. Abinci ya fita raina, furar da nake damawa da hannuna ma ban iya sha. Likita ya ce wa ɗana idan bai fitar da ni daga kwarin Makka na sha iska ba, ba zan ga sanyi ba. Ni wannan magana ba ta tsorata ni ba, ai abin da na zauna jira ke nan. Shi ne ya tsorata. Direba ne, babbar mota yake ja tsakanin Makka da Ɗa'ifa, yana kai kayan attajirai. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba ma doguwar hira, haka aka rene mu. Amma ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata ya ƙi tashi. Da na ga ba zai tashi ba, sai na ce zan je bisa sharaɗi guda: ya rantse da Allah, duk sa'ar da na ce a sauko da ni Makka, ko ana ruwa ko ana rana, zai sauko da ni ba gardama. Ya rantse a gaban matarsa da ƙawata. Sannan na ɗaure ƙunshina: zane biyu, tasbaha, da likkafanina wanda na wanke da Zamzam na shanya a farfajiyar Harami tun shekarun baya. Bargo bai zo mini a rai ba, balle ƙawata. Wa ke tuna bargo a watan da takalmi ke narkewa a kan dutse?

Motar ta sha kaya har ta yi tozo. Ashe idan zafi ya shigo, manyan Makka ba tafiya suke yi ba, ƙaura suke yi. Katifu, dardumai, gadaje, tukwanen shayi na tagulla, madubi naɗe cikin tsumma, har da kejin tsuntsu. Surukata da yara suka hau baya kan katifu, ni da ƙawata muka zauna gaba. A ranar na fara ganin ɗana a bakin aikinsa. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan wani ƙarfe yana turawa yana jawowa, ƙatuwar aba tana bin umarninsa kamar raƙumin da ya san mai shi. A wurin 'yan sanda na bakin gari ba a ko sauke mu ba, hannu suka ɗaga masa, ɗaya ya leƙo ya gaishe ni da "Hajja". Na dai gyara lulluɓina.

Hanyar mota zagaye take yi, ba ta tunkarar dutse kai tsaye. Da hantsi muka isa Zaima, inda ruwa ke fitowa daga ƙasa yana gudu tsakanin ayaba da dabino. Muka sauka a gahawa, irin rumfar nan ta matafiya mai dogayen gadajen igiya, aka kawo shayi a ƙananan kofuna. Mai gahawar ya ga mota cike da kayan masu kuɗi sai ya tsuga mana kuɗin masu kuɗi. Ƙawata ta ce masa da Larabcinta mai ƙamshin Sakkwato, madubin ne na attajiri, mu haya aka ɗauko mu mu riƙe shi. Ya yi dariya ya rage.

Daga nan sai wani kwari mai yashi, wanda direbobi ke ambata da addu'a. Ƙafar mota ta nutse har sau biyu. Aka sauka, aka tona, aka shimfiɗa katako, aka tura. Baƙaƙen motocin manya suna wuce mu suna watsa mana ƙasa, can gaba kuma mu tarar da su sun kafe, masu fararen riguna na tsaye a rana suna jiran wanda zai taimaka. Ɗana bai wuce ko ɗaya ba. Bayan yashi hanya ta fara hawa tana murɗewa, inji na kuka ana tsayawa a ba shi ruwa. Kunnuwana suka toshe. Can sai na ji wani abu ya taɓa mini fuska ta taga, na ɗauka ruwa aka watso, ashe iska ce.

Da la'asar muka shiga Ɗa'ifa. Gari ne a kan tudu, fararen gidaje masu tagogin katako da aka sassaƙa kamar zanen ƙwarya, kewaye da lambuna. A bayan gari akwai manyan gidaje na Sarki da mutanensa, domin su ma nan suke cin zafi, hukuma gaba ɗaya takan tattaro ta hawo. Ɗakin da ɗana ya kama mana yana gefen wani lambu, ƙarami ne, amma kuɗin hayarsa na wata zai biya na Misfala har a manta. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ruwan randa, wanda ya kama mini haƙori. Na biyu, mun kwana cikin ɗaki da ƙofa a rufe, a tsakiyar bazara, ba a kan soro ba.

Kasuwarsu kuwa sai wanda ya gani. Inabin da a Makka ake sayar maka da ɗan reshe kana lallaɓa shi, a nan kwando ake turo maka, fari da baƙi, wani dogo kamar yatsar amarya. Rumman jajaye da suka tsage don kansu, ɓaure, zuma a cikin salka, man shanu mai ƙamshin ganye. 'Ya'yan itace araha, amma nama da itacen girki da duk abin da baƙo ba zai iya rabuwa da shi ba sun yi tsada, domin mutanen garin sun san wata nawa gare su kafin masu kuɗi su sauka. Akwai wani ɗan itace da suke kira barshumi, jikinsa duk ƙaya ce siririya da ido ba ya gani. Mai sayarwa ne ke fere maka da wuƙa ya miƙo. Ƙawata ba ta jira ba, ta kai hannu ta zaɓa kamar tana zaɓen tumatir. Ranar surukata ta wuni tana cire mata ƙaya, ita kuwa tana cewa duk ƙasar da abin daɗinta ke cizo sai an yi hattara da mutanenta.

An kai mu inda ake dafa furen wardi a manyan tukwanen jan ƙarfe a tatso ruwansa da turarensa. Mun makara, an ce furen na ƙarshen sanyi ne, tukwanen a kife muka same su. Amma ɗakin kansa ya riƙe ƙamshin, har zanena ya kwaso. Mai wurin ya ce daga irin wannan ruwa ake haɗawa a wanke Ɗakin Allah. Na sayi 'yar kwalba. Mun yi Juma'a a babban masallacinsu mai daɗaɗɗen tarihi. Wata rana kuma, daga kan soro, muka kalli wasan biki na mutanen duwatsu: namiji ya riƙe doguwar bindiga, ya juya, ya yi tsalle sama, ya harba ƙasa a daidai ƙarƙashin ƙafafunsa, hayaƙi ya rufe shi, ya dira yana murmushi. Na duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, yatsu a cike.

Attajirin da ɗana ke yi wa jigila ya gayyace mu cin abinci a lambunsa. Aka shimfiɗa wa mata dardumai ƙarƙashin rumfar inabi, ruwa na wucewa ta wata 'yar hanya kusa da ƙafafunmu. Uwargidan ta taso da kanta ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Ta ce shekara da shekaru ana farfasa mata kayan gilashi a hanyar nan, sai da ɗana ya fara ɗauka ta daina ƙirga asara. Ta ce wadda ta haife shi ta iya haihuwa. Na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata, amma maganar ta zauna mini daram.

Sannan aka kawo abin da suke kira salik. Shinkafa ce ake dafawa cikin romon rago har ta saki jiki, a zuba mata madara a yi ta juyawa, ta yi fari ta yi laushi, tsakanin tuwo da kunu. A juye a babban faranti, a ɗora naman a kai, a kwarara man shanu. Na sa hannu don kada a ce na raina, sai na ga hannun ya koma da kansa. Rabona da cin abinci irin haka tun kafin masassara. Da aka gama ban zauna hira ba, na nemi a kai ni wurin mai girkin. Tsohuwa ce kamata. Ba mu sha wahalar fahimtar juna ba, ta nuna mini lokacin da ake zuba madara, da yadda ake rage wuta, da ɗan ƙaron ƙamshi da take jefawa a romo. Wadda ta shekara talatin a gaban tukunya ba sai an maimaita mata ba.

Kwanaki suka tafi, ƙarfi ya dawo mini, har ina zagaya lambu ba sanda. Shi ya sa da ɗana ya ce akwai wani wuri sama da Ɗa'ifa da ake kira Hada, inda wani manomi abokinsa yake, kuma daga can ana hango hanyar Makka, ban yi musu ba. Mota ba ta zuwa, sai jakuna. Surukata ta zauna da yara, muka tafi mu uku da masu jakunan. Na ɗauki ƙunshina, domin ba na kwana inda ba ya nan.

Rabona da hawan jaki tun Sudan, amma jiki bai manta ba. Ƙawata ce dai ta yi ta faɗa da nata, tana cewa da gangan yake bin bakin rami. Hanyar ta ratsa gonaki hawa-hawa da aka tare da jeren duwatsu, da wasu itatuwa masu duhun ganye da ƙamshi kamar turaren wuta. Gwaggon biri zaune a kan duwatsu garke guda, manya da 'ya'ya, suna kallonmu kamar mu ne abin kallo. Manomin da matarsa suka tarbe mu a gidansu na dutse, mai ƙaramar ƙofa. Muka ajiye kaya, muka yi azahar, sai ɗana ya ce mu zo mu gani.

Da ƙafata na taka har bakin dutsen. Jama'a, ƙasa ta ƙare. Duniya ta yanke kamar an sa wuƙa, can ƙasa duwatsu sun zama kamar tsibin gero, shaho yana shawagi a ƙarƙashinmu muna kallon bayansa. Ɗana ya nuna da hannu ya ce can inda ya yi fari-fari Arfa ce, Makka na bayanta. Ya nuna mini wata siririyar hanya da aka jera da duwatsu, tana gangarawa tana naɗewa a jikin dutsen. Ya ce sunanta Kara, ita ce tsohuwar hanya, masu alfadarai na bin ta su sauka kusa da Arfa. Na zauna a kan wani fa na daɗe. Na ce a raina, yarinyar da ta fito daga ƙauye da ƙwarya a ka, yau ga ta zaune sama da tsuntsaye.

Muna nan sai gajimare ya taso daga ƙasa. Ban taɓa ganin gajimare ya hawo wurin mutum ba, kullum sama na san shi. Kafin mu miƙe ya rufe mu, ko ƙawata da ke gefena ban gani sosai. Iska ta juya, ruwa ya sauko, sai ƙanƙara kamar ana jifa da tsakuwa. Kafin mu kai gidan manomin mun jiƙe har ƙashi.

A bakin ƙofa abin ya kama ni. Jikina ya ɗauki rawa, haƙora na haɗuwa, yatsuna suka ƙage na kasa riƙe tasbaha. Na san wannan rawa. Da ita masassarata ke farawa, kuma da ita maigidana ya fara ranar Talata, Alhamis aka kai shi. Na dubi farcena na ga sun yi duhu. Na ce to, ga shi ya zo, kuma ya same ni a kan dutsen da ko mota ba ta zuwa.

Na kira ɗana na ce, "Kai. Lokaci ya yi. Sauko da ni."

Ya ce, "Inna, mota tana Ɗa'ifa. Ki bari ruwan ya tsaya."

Na ce, "Ga hanya can ka nuna mini da hannunka. Ka rantse."

Ya juya wurin masu jakuna, suka ce ko za a ba su nauyin jakin zinariya ba za su sa dabba a kan Kara ba dutse na jiƙe. Ƙawata ta riƙe ni tana cewa Yaya ki ji tsoron Allah, ita ma bakinta na rawa, amma ban lura da nata ba. Ɗana ya cire rawaninsa, ya juya mini baya, ya durƙusa. Ya ce wa ƙawata ta ɗaure ni. Tana kuka tana zagina ta ɗaure ni da rawanin a bayansa, yadda ake ɗaure jariri. Yaron da na goya daga Kurdufan har bakin teku, wanda tun da na yaye shi hannuna bai sake taɓa jikinsa ba, shi ne ya miƙe da ni.

Ya shiga ruwan. Muka kai bakin hanyar, ya fara sauka, yana dafa dutse da hannu ɗaya, ɗaya yana tallafe da ni. Ruwa na gudu a kan matakan kamar rafi. Dama da mu babu komai sai fari. Ba mu yi nisa ba ƙafarsa ta zame. Ya faɗi a kan gwiwa, na ji ƙarar a cikin ƙirjina, muka karkata wajen ramin, ya cafke wani dutse ya riƙe. Duwatsun da ƙafarsa ta ture suka gangara, ban ji inda suka tsaya ba. Na leƙa ta kafaɗarsa na ga jini na bin ruwa. Ya ja numfashi, ya miƙe, ya sa ƙafa a mataki na gaba.

Sai ga matar manomin ta biyo mu a guje, ba takalmi, kamar akuyar dutse. Ta sha gabanmu, ta sa tafin hannu a goshina, ta sa a wuyana. Ta yi magana da ƙarfi cikin Larabcinsu na duwatsu, abin da na tsinta shi ne babu zazzaɓi a jikin nan, sanyi ne. Ta ce kowace shekara mutanen Makka na hawowa da rigar shan iska su yi wannan rawa.

Da wani ne ya faɗa da baki kawai, da ban yarda ba. Amma tun kafin ta iso na ji wani abu: ƙirjina da cikina, inda suka manne da bayansa, sun daina rawa. Bayana ne kawai da ƙafafu ke karkarwa. Masassara ba ta zaɓen gefe. Na san sanyi ina yarinya a gida, amma shekarun Makka sun shafe shi daga jikina, har ya zo ban gane shi ba.

Na ce, "Mu koma."

Ya ce, "Rantsuwar fa, Inna?"

Na ce, "Ni na ɗora maka, ni na sauke. Juya."

Hawowar ta fi saukar wuya, matar na gaba tana jan hannunsa. A cikin gida manomin ya hura wuta da itacen nan mai ƙamshi, ya fita da maza. Aka tuɓe mini jiƙaƙƙun kaya. Zane biyun da na zo da su, ɗaya na jikina, ɗaya ƙawata ta riga ta ɗaura. Babu busasshen abu a ƙunshina sai guda ɗaya. Ƙawata ta warware likkafanin ta naɗe ni da shi tun daga wuya har ƙafa, ta ce, "Tunda kin matsu ki sa shi, gwada mu gani ko ya yi miki." Matar gidan ta ɗora mini buzun tunkiya a kai. Ta tono gurasa daga cikin toka, ta karkaɗe, ta farfasa a akushi, ta zuba man shanu da zuma, ga gahawa mai citta. Na ci. Na miƙa akushin aka ƙara. Ƙawata ta ce ta yi wankan gawa ba adadi a Misfala, ba ta taɓa ganin wadda ta nemi ƙari ba.

Su suka yi dariya, ni ban yi ba. Ta ƙofa ina hango ɗana zaune a rumfa, manomin na wanke masa gwiwa yana cusa garin gahawa a ciwon don jini ya tsaya. Naman ya buɗe har ana ganin fari. Ya ɗago ya ga ina kallonsa, sai ya ja riga ya rufe.

A can muka kwana, washegari rana ta fito kamar ba ta san abin da aka yi ba. Muka koma Ɗa'ifa, shi ma a kan jaki. Ya yi kwanaki bai taka mota ba, wani ya ja masa. Ya tambaye ni ko in shirya mu sauka gida da zarar ya warke, na ce ban gama shan iska ba. Na shiga kasuwa na sayi bargon ulu mai jan baki, na farko da na mallaka tun da na zo Hijaz. Na kuma aike shi wurin malamin masallaci ya tambayo hukuncin rantsuwar, tunda na ce a sauko da ni kuma ba a kai ni ba. Malamin ya ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi abin da ya fi alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Na ce shi zai sayo, amma ba mai dafawa sai ni.

Mun zauna har inabi ya fara ƙarewa a kasuwa, manya suka fara naɗe dardumansu. Ranar komawa motar ta sake yin tozo, wannan karon har da kwandunan rumman na tsaraba. A Sailu muka tsaya, wurin da masu zuwa daga wannan gefen ke ɗaura niyya. Na yi wanka, na yi niyyar Umra, maza suka ɗaura fararen mayafai. Mota ta gangara muna Labbaika, zafi na tarbarmu kaɗan-kaɗan kamar ana buɗe ƙofar tanda. Mazaunin Makka yakan manta yadda ake shigarta. Da hasumiyoyin Harami suka bayyana tsakanin duwatsu, abin da na ji ranar farko, ina matashiya da ɗa a baya, shi ya dawo mini. Na yi ɗawafi da ƙafata, na yi Safa da Marwa da ƙafata. Masu ɗaukar tsofaffi a kan makara sun biyo ni suna tayi, na ce su nemi wani.

Kwana biyu da dawowa na aro babbar tukunya. Ɗana ya kawo rago da shinkafa, na aika aka samo madara tun da safe. Na dafa salik yadda tsohuwar nan ta nuna mini, na ajiye yaji a gefe domin na san mutanena. Aka kira miskinai goma daga cikin tsofaffin da suka zo da ƙafa irina, waɗanda ba su da kowa a nan. Suka zauna a zaure, ɗana ya zuba musu ruwan wanke hannu da kansa yana ɗingishi. Wani tsoho Bakatsine ya ce bai taɓa cin tuwon da ya yi masa ladabi haka ba. Suka cinye, suka yi addu'a, suka tafi. Rantsuwa ta sauka.

Ga abin da na samo a wannan tafiya, ku da kuke tambaya. Ɗa'ifa gari ne mai kyau, wanda Allah ya hore wa ya je, ya ci salik, ya bar mai barshumi ya fere masa, kuma ya tafi da bargo ko da ana narkewa a Makka. Har gobe Mu'alla nake so, ina roƙo a kowace salla. Amma wannan abu ne da ake nema wurin Allah, ba a gwiwar ɗa ba. Na haifi wanda zai sauka Kara da ni a cikin ƙanƙara saboda kalma ɗaya da ya faɗa, kuma duk wadda ta haifi irinsa sai ta san abin da take sa shi ya faɗa.

Jiya da yamma ya tsaya a bakin ƙofata, ya ce attajirin ya riga ya yi masa maganar baɗi, ko zan je. Na ce ya bar mini gaban mota, gefen taga. Ya ɗan jira ko akwai sharaɗi. Na ce ya tafi, abincinsa na hucewa.